"Ai Ɗan Daba Ne": Tambayoyi da Amsoshi Kan Yarfen Siyasa a Waya

Ni malamin firamare ne a wani gari a kudancin Kano, kuma ina cikin masu kula da zauren WhatsApp na 'yan garinmu, na gida da na ci-rani. Tambayoyin da ke ƙasa sun sha zuwa mini, a teburin mai shayi, a rumfar mai cajin waya, wani lokaci a ƙofar masallaci bayan isha'i. Na bar su yadda aka yi mini su, har waɗanda aka yi da gatse.

Wai shin wane ne ɗan daba? Duk wanda ya riƙe makami ya zama shi ke nan?

Da haka ne, da duk manomin ƙasar nan ɗan daba ne, don ba gidan da za ka shiga a karkarar Kano ko Jigawa ka rasa adda, lauje, gatari ko gora a jingine bayan ƙyaure. Daba asalinta wurin zama ce, matattarar samari a lungun unguwa, galibi a cikin birni. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya koma kan gungun da ke faɗan unguwa da unguwa, da shaye-shaye, da ƙwacen waya, da yi wa 'yan siyasa aikin tarwatsa taro. Ɗan tauri daban, mafarauci daban, ɗan sintiri daban, ko da yake akan samu mai ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

Ba cewa nake yi babu dabar siyasa ba. Akwai ta, ta ma girmi yawancinmu, don tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950 ake da 'yan banga. Wanda ya ga abin da aka yi a mazaɓar Gama ranar 23 ga Maris 2019, a zaɓen gwamna na cike giɓi, ba sai an ba shi labari ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda kalmar ta zama tambarin da ake manna wa mutum bayan an gama cutarsa.

Me ya sa da an sari wani a taron siyasa sai ka ji an ce ai ɗan daba ne?

Saboda maganar tana kashe tambaya. In aka ce an sari yaro a taron su wane, abin da zai biyo baya sananne ne: wa ya sare shi, motar wa ta ɗebo masu saran, wa ya ba su kuɗin ƙwaya? Waɗannan tambayoyi ne masu kai mutum ƙofar gidan manya. Amma da an ce "ɗan daba ne, faɗansu ne na 'yan ƙwaya", shi ke nan, kowa ya kaɗe rigarsa. Ba mai matsa wa DPO, ba mai zuwa dubiya da zuciya ɗaya, jam'iyyar da yaranta suka yi aika-aikar ta fita fes.

Na gani da idona. Ana gab da wani zaɓe, ayarin 'yan takara biyu suka yi kiciɓis a bakin tashar garinmu. Wani ɗan acaɓa da na koyar tun yana aji uku yana nan yana jiran fasinja, aka same shi da barandami a kafaɗa da gefen kai. Ba a gama yi masa ɗinki ba hotonsa ya shigo waya: ga shi riƙe da adda, ya ɗaure kai da ƙyalle, fuska duk ƙura, an rubuta a ƙasa wai shi ne jagoran 'yan dabar ɗaya ɓangaren. Na san hoton. Ranar gayyar share maƙabarta aka ɗauke shi, bayan ɗaukewar damina, ni kaina ina tsaye gefensa da fartanya. An datse ni, an datse na'ibin liman, an bar shi shi kaɗai da addarsa.

Da magariba mahaifiyarsa ta aiko a kira ni soro. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Malam, an ce an saka yaron nan a waya. Karanta mini abin da suka ce." Na ce, "Inna, bar shi kawai, surutun yara ne." Ta ce, "Ai matan unguwa sun riga sun faɗa mini. So nake na ji ko sun ƙara." Ba su ƙara ba. Ragewa ma suka yi.

Amma Malam, ai ruwa ba ya tsami banza.

Da can wataƙila, lokacin da magana sai ta bi baki da baki, mai ƙirƙirarta sananne ne, kuma gobe za ku haɗu da shi a kasuwa. Yanzu akwai waɗanda sana'arsu ce zuba wa ruwa tsamiya. Mutum yana zaune a birni, bai taɓa taka garinku ba, zai buɗe shafi da sunan mace da hoton fure, ya rubuta abin da aka biya shi ya rubuta.

Ka tuna labarin Jubril na Sudan? An dage wai Shugaba Buhari ya rasu an sauya shi da wani, har sai da shi da bakinsa, a Disambar 2018, ya fito ya ce shi ne dai. Wane tsami ne a ƙarƙashin wannan ruwan? A 2014, lokacin Ebola, cikin dare aka riƙa tashin mutane da waya wai su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha. Wasu suka kwana a asibiti, wasu ba su tashi ba.

To idan bincike ya nuna da gaske ɗan daba ne fa?

To sai me? Tambayar da ke gabanmu ita ce wa ya sare shi, kuma wa ya ba shi izini. Tarihin wanda aka sara ba ya amsa ta. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, bai ware mashayi ba. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. A shari'ar Musulunci ma ba a bar wa 'yan unguwa zartar da hukunci ba, aikin alƙali ne, da shaidu.

Mu mutanen karkarar Kano bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani kan wannan ba. Ranar 27 ga Maris 2025, mafarauta 'yan jiharmu suna dawowa daga Jihar Ribas don yin ƙaramar Sallah a gida, 'yan sintirin garin Uromi a Jihar Edo suka tare motar da suke ciki. An ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taro ya rufe su. Mutum 16 aka kashe, da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, sai da ya zo har Kano ta'aziyya. A waɗancan kwanakin kowa ya ji zafin yadda wasu a intanet suka riƙa tambayar me ya kai su can da makamai, kamar amsar za ta halatta ƙona mutum. Abin takaicin, cikin waɗanda suka fi kowa kuka kan Uromi akwai masu rubuta "Allah ya ƙara" duk ranar da aka sari yaron jam'iyyar da ba tasu ba. Kalma ce kawai ta sauya: can "mai garkuwa", nan "ɗan daba".

Ke nan ba za a faɗi gaskiya ba? Ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Karin maganar nan tana da wurinta. Uwa ta faɗa wa ɗanta a ɗaki, kawu ya ja kunnen ɗan 'yar'uwarsa ya daina zama a wuri kaza da dare. Wannan nasiha ce, kuma kafin abu ya faru take da amfani. Wadda ake yi a bainar jama'a, mutum yana kwance jina-jina ko ana haƙa kabarinsa, lauya ne kyauta aka ɗaukar wa ɓera.

Ɗauki Majiya. Daren Talata 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a garin, a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, mutane suka fito kwasar fetur, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin ya ci gaba da hawa daga asibitoci. Ba a gama jana'iza ba waya ta cika da "kwaɗayi mabuɗin wahala". Ba wanda ya ce ɗibar man tankar da ta faɗi daidai ne. Ganganci ne, kuma dukiyar wani ce. Amma wa ya tantance wanda ya je da jarka da wanda ya je janyo ɗansa? A lokacin litar fetur ta haura naira 1,000, abin da a farkon 2023 bai kai 200 ba a farashin gwamnati. Kuma da an tattara laifin an jibga wa mamata, an sallami sauran tambayoyi ke nan: lafiyar motar, halin hanyar, ina motar kashe gobara mafi kusa, wane asibiti ne a yankin zai iya karɓar masu ƙuna da yawa haka a dare ɗaya. Waɗannan masu rai ne za su amsa su, shi ya sa ba a son su.

Idan mace ce aka ci wa mutunci fa?

Nata ya fi muni, don ita ba a ma tsayawa neman hoto. "Me ya fitar da ita?" ya wadatar. Mace ta je taron mata na jam'iyya aka ture ta, ko ta rubuta ra'ayinta kan kansila, kafin ka ce me an jefe ta da kalmar da ba zan maimaita ba. Namiji ana ce masa ɗan daba, ita ana taɓa mutuncin aurenta da na 'ya'yanta. Masu yin haka su koma Suratun Nur, aya ta 4: wanda ya jefi kamilalliya da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce, kuma ba a ƙara karɓar shaidarsa. Ba a ce banda wanda ya rubuta da ɗan yatsa ba.

Su wa ke ƙera waɗannan labarai?

Hawa uku ne a yadda na lura. A sama akwai masu tsara abin, waɗanda suka san ƙarya ce tun daga tushe, su ne masu datse hoto. A tsakiya akwai 'yan data, jikokin sojojin baka. Da a rediyo ake sayen fili a yi yarfe da sunan siyasa, yanzu ɗan siyasa zai tara samari, ya saka musu data da ɗan abin sabulu, aikinsu su yabi maigida su ragargaji abokin hamayya. Wasunsu ma ba mugunta ba ce, rashin aikin yi ne da fatan in an ci zaɓe a tuna da su.

Hawa na uku mu ne, kuma mu ba ko sisi. Baffanka ne da ya ga hoto ya ce innalillahi, ya tura wa zauren dangi da na 'yan kasuwa da na masallaci. Shi ya fi ɓarna ba tare da ya sani ba, domin ɗan data kowa ya san kuɗi ya ci, amma Baffa ba a san shi da ƙarya ba. Amanarsa ce ake ara a lulluɓe ƙaryar.

Wace jam'iyya ce ta fi ƙarya?

Wadda ba taka ba, in kai za a tambaya. Ni dai daga zaɓen 2023 zuwa ranar 12 ga Janairu 2024 da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf kujerarsa, na goge hukuncin kotu na bogi daga masu jar hula, na goge daga abokan hamayyarsu. Da rikicin masarauta ya dawo a Mayun 2024 aka ɗora daga inda aka tsaya. Kowane ɓangare taronsa "dandazon masoya" ne, na ɗaya ɓangaren "'yan dabar haya". Sau da yawa kuma yaran su ne dai, hula kawai suka sauya.

Ni ba ɗan boko ba ne sosai. Yaya zan gane hoto ko bidiyo na ƙarya ne?

Kai ma ka fi ɗan boko wata dama, don ka san ƙasa. Dubi bayan mutumin kafin fuskarsa. An ce jiya aka yi abin, muna tsakiyar bazara, amma ga gero ya kai ƙugu a hoton? An ce a Gwaram ne, amma lambar motocin da rubutun shagunan ba na nan ba ne? An ce Kanawa ne, amma Hausar bakinsu ta Zamfara ce ko ta Nijar? Ganye, inuwa, irin ginin, kayan jikin 'yan sanda, fastar zaɓen da ke manne a bango, duk shaidu ne. Hoton da aka matse shi sosai a jikin mutum ɗaya, tambayi kanka me aka yanke.

In wayarka babba ce, Google Lens yana nemo inda hoto ya taɓa fitowa. Sau da yawa za ka tarar ya shekara biyar yana yawo, ko daga wata ƙasa yake. A WhatsApp, saƙon da ke da kibiya biyu a samansa ya bi hannu aƙalla biyar kafin ya iso ka, wato wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Kamfanin ma da kansa, tun 2020, ya hana tura irin wannan saƙo zuwa wuri fiye da ɗaya a lokaci guda. A Facebook leƙa shafin mai rubutun: yaushe aka buɗe shi, yana da dangi da abokai na gaske, ko zagi kawai yake yi tun ranar da aka haife shi? Akwai kuma masu aikin tantance labarai, irin su Dubawa, da CITAD a nan Kano da ke bibiyar kalaman ƙiyayya.

Amma duk wannan na labarin nesa ne. In a ƙaramar hukumarku aka ce abin ya faru, ba ka bukatar Google. Kana da suruki a garin, ko direban da ke bin hanyar, ko wanda kuke cin kasuwar Wudil tare ran Juma'a. Kira ɗaya ne. Na sha mamakin mutumin da zai hau babur ya yi tafiyar awa guda don duba akuya kafin ya saya, amma ba zai buga waya ta minti biyu ba kafin ya sayar da mutuncin ɗan maƙwabcinsa.

Saƙon murya fa? Ai na ji mutumin da kunnena, har kuka yake yi.

Wane ne shi? Daga wane gari? Yaushe ya yi maganar? In saƙo ya fara da "jama'a ku saurara, yanzu-yanzun nan", bai faɗi suna ba, bai faɗi rana ba, ya ƙare da "don Allah ka tura wa duk wanda ka sani", to ni a nan nake ajiye shi. "Yanzu-yanzu" ba ta tsufa, shi ya sa saƙon bara yake dawowa bana ya sake tayar da hankali. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba.

Ko mai gaskiya ma, labarin awa ta farko ba abin riƙewa ba ne. Asubahin 15 ga Mayu 2024 da aka cinna wa masallata wuta a ƙauyen Gadan, a ƙaramar hukumar Gezawa, abin da ya fara zagawa shi ne bam ya tashi, zukata suka tafi ga 'yan ta'adda. Da 'yan sanda suka kama wanda ya yi, ɗan garin ne, rigimar gado ce tsakaninsa da danginsa.

'Yan sanda sun nuna shi da makamai a gabansa. Wannan ba hujja ba ce?

Hujja ce cewa an kama shi. Kamu daban, hukunci daban. Wani kotu za ta ɗaure shi, wani ta sallame shi, amma bidiyon holin yana nan har abada, na sallamar kuwa ba mai ɗauka. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an yi wa duk waɗanda aka kama kuɗin goro, wai 'yan daba ne. An yi fashe-fashe da sata a Kano, wannan gaskiya ne. Amma ranar 1 ga Nuwamba da aka gurfanar da wasunsu a Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙasa ta ga yara ƙanana, ramammu, wasu suna zubewa a gaban alƙali. Cikin 'yan kwanaki Shugaba Tinubu ya ce a sake su.

Sannan ko wanda ya taɓa yin dabar, ba a kulle masa ƙofa. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi tubar matasa sama da 200, ta ɗauki 50 daga cikinsu aikin ɗan sandan sa-kai, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Kana iya ganin an yi gaggawar ba su kaki, ni ma ina da ja a kan wannan. Amma in hukuma ta yarda mutum yana tuba, kai wane ne da za ka tono hotonsa na shekara bakwai ranar da aka kwantar da shi a asibiti?

Ni fa turawa kawai na yi. Na ma rubuta "kamar yadda na samu".

Wanda ya ɗauko garwashi daga gidan wani ya jefa a dangarku, ba zai ce ba shi ya hura wutar ba. A addini maganar a rufe take. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Hadisi kuma ya tabbata cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji.

A doka ma "na samu ne" ba garkuwa ba ce. Dokar final kod da ake aiki da ita a Arewa ta sa ɓata suna cikin laifuffuka, a sashe na 391 da 392, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara uku ga wanda ya aika abin da ya san ƙarya ne don tayar da tarzoma ko jefa rai cikin haɗari. Mai kula da zaure shi ma ya kiyayi kansa, don in an zo bincike shi ma ana iya nemansa.

Ba da irin wannan dokar manya ke rufe bakin talaka ba?

Da ita ce, kuma ba zan ɓoye ba. A Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu ɗaya da ya yi game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. A Nuwamban 2022 ɗin dai wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, kan sun taɓa gwamna. Gyaran 2024 ya rage faɗin sashe na 24 ne saboda irin wannan koke.

Ka lura da wanda dokar ke yi wa aiki da sauri. Babba in an taɓa shi, kafin la'asar an kama yaro. Ɗan acaɓan garinmu da aka mayar jagoran 'yan daba, ba wanda aka ko kira caji ofis a kansa. Don haka ni ba ina kiran a ƙara kama mutane ba ne. Ka soki shugaban ƙaramar hukumarku kan rijiyar burtsatsen da ba a gyara ba, kan takin da aka karkatar, kan ajin da rufinsa ya yaye shekara uku, sashe na 39 ya ba ka wannan 'yanci. Sukar mai mulki kan aikinsa daban, ƙaga wa ɗan talaka laifi don a kare mai mulki daban.

An yi wa ƙanena irin wannan ƙagen. Me za mu yi?

Kafin komai ku ɗauki hoton rubutun a waya, da sunan shafin da rana, don in abu ya yi zafi gogewa ake yi a ce ba a yi ba. Kada ku rama da zagi, kada kuma samarin gidanku su fita neman mai rubutun, don ranar za ku ba shi hoton da yake nema. In an ji masa rauni, ku karɓi takardar asibiti ku adana, ku kai rahoton saran caji ofis da sunan wanda aka gani, ko da kuna ganin ba abin da za a yi.

In mai rubutun ɗan gari ne, hanyar gida ta fi sauri: mai unguwa, dagaci, liman, ko ofishin Hisba. A kira shi gaban manyansa, ya kawo hujja ko ya janye. Ku dage janyewar ta kasance a inda ya yi ƙagen, da muryarsa da sunansa, ba a soron dagaci kaɗai ba. In ya ƙi, kotu tana nan. Kuma ku samu mutum biyu ko uku da gari ke jin maganarsu, malaminsa, shugaban 'yan acaɓa ko ubangidansa a kasuwa, su faɗi abin da suka sani game da shi. A ƙauye wannan ya fi duk wani dogon rubutu.

Na riga na tura, daga baya na gano ƙarya ce. Gogewa ta isa?

Ba ta isa ba, don waɗanda suka gani sun gani. Koma duk inda ka tura, ka ce abin da na turo ɗazu ba gaskiya ba ne, ga yadda abin yake. In ka san mutumin, je ka same shi ko iyayensa ka nemi afuwa, haƙƙinsa ne ba na zaure ba. Akwai nauyi, na sani. Na taɓa yi, kan wani labarin rasuwa da na tura ban tambaya ba, mamacin da kansa ya kira ni.

Wanda ya fara saka hoton ɗan acaɓan nan a zaurenmu, ɗan garin ne, yana karatu a birni. Da na tura cikakken hoton, mu duka a maƙabarta, ya yi shiru kwana biyu. A na uku mahaifinsa ya riƙo hannunsa har gaban dagaci, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, ni ban aike shi ba." Yaron ya ce shi ma turo masa aka yi, ya ba da haƙuri, ya yi saƙon murya ya janye. Na duba daga baya: zaure ɗaya ya saka janyewar, hoton kuwa na gan shi a zaure shida, har da na 'yan garinmu mazauna Legas.

Ɗan acaɓan ya warke, hannun ne dai ba ya ɗaguwa sosai, ya koma tsare wa yayansa shago. Akwai yarinyar da aka kai masa kuɗin gaisuwa a wani gari gaba da mu. Bayan wata biyu baffanta ya zo bincike, ya zauna a teburin mai shayin tasha, ya yi tambaya, wani ya ciro waya ya nuna masa. Ni ban ji ba sai da aka dawo da kayan.